Lambobin da Marigayi Ya Kankare

Tun ranar da na dawo daga Gaya ta ƙasar Nijar ban sami sukunin tsefe kaina ba. Wannan ta yi sallama, "Inna Kulu, yaya ƙasar Faranshi?" Kafin in kai rabin labari waccan ta shigo, sai an koma farko. Har masu sayen kifi a bakin tafki sun daina tayi, sai tambaya. Bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da jikata Hadiza na ce ta ɗauki biro, in faɗa sau ɗaya, mai son ji ya nemi mai karanta masa. Ban yi boko ba, kuma ban taɓa sunkuyar da kai saboda haka ba. Duk Wara an san a ƙofar wa yara ke taruwa jin tatsuniya. Amma wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na je.

Bari in fara da abin da ya fitar da tsohuwa kamata daga ɗakinta.

Marigayi maigidana mai gyaran rediyo ne, amma abin da ya yi suna a kai shi ne piyanon mawaƙa da na'urorin gem na da, irin waɗanda ake jonawa da talabijin. A cikin kowanne akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafafu jere gefe biyu. Masu gyara suna ce masa aisi, ni kyankyaso nake ce masa. Marigayi yakan ce duk sauran kayan inji jiki ne, wannan shi ne maƙogwaro, daga nan murya ke fita. Masu ƙera su sun daina tuntuni, sai dai a ciro daga mataccen inji a sa wa mai sauran numfashi.

Lokacin a Yelwa muke zaune. Shago ɗaya suke da abokinsa Isiyaka, Bazabarme ne mutumin Gaya, ya yi makarantar Faranshi, shi ya fi sanin ma'anar lambar da ke bayan kowane kyankyaso. In suka tayar da inji sai su kawo shi gida in saurara, ni ce mai raɗa wa kyankyason suna. Akwai Kwaɗon Fadama, akwai Tsohuwa Mai Tari, akwai Kurciya, akwai tagwaye Hassana da Usaina. Har su ma suka daina kiran lamba, sai suna.

Da masu gyara suka yawaita a kasuwa, marigayi ya fara kankare lambobin da ƙusa, don kada wani ya buɗe injin da ya gyara ya ga abin da ya sa. Isiyaka ya ce wannan kashe sani ne, ya ci gaba da faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Ni kuwa na goyi bayan mijina. Ranar kasuwa, mutane cike, na tsaya a ƙofar shago na kira shi ɓarawon sani. Ya kwashe kayansa ya koma garinsu. Shekara ashirin da wani abu ke nan.

Kyankyasan da suka rage wa marigayi ni nake ajiye su. Yakan soke ƙafafunsu a ɓargon karan dawa don kada su lanƙwashe, ni kuma in ƙulle kowane iri a tsumman tsohon zanena. Ƙulli ashirin da uku, a cikin kwano mai murfi. In ya ce, "Kulu, ba ni Kurciya," na san zanen da na ɗaura ranar sunan ɗiyata Larai ne. Ban taɓa kuskure ba.

Bara Allah ya karɓi abinsa tsakanin azahar da la'asar, ko jinya bai yi ba. Hadiza, ɗiyar Larai, ita ta gaji kayan aikinsa, tana gyaran waya a Yelwa. Rannan wani dattijo daga ƙauyukan kan dutse, Baba Yohanna, ya ɗauko piyanon cocinsu a kan mashin ya kawo mata. Ya ce marigayi ne ke raya shi shekara da shekaru, yanzu ya yi shiru. Ta buɗe, ta tarar da kyankyason ya mutu, bayansa a kankare. Ta zo har Wara da fuska a murtuke.

Na ɗauko kwano na ce, "Zaɓi. Ga su nan, na san sunan kowa."

Ta ce, "Kaka, suna ba ya gyara inji. In na sa wanda ba shi ba zai ƙone, kuma babu inda zan samo wani. Da akwai lamba, da wayata ta faɗa mini sauran. Ranar da kika bi kakana, kwanon nan ya zama shara."

Na mayar da murfin kwano, ta tafi. Bayan kwana uku na aika mata: ta nemo labarin ko Isiyaka yana raye. Da labari ya zo yana nan Gaya da ransa, na ce ta shirya mu tafi.

Ni da aka haifa a bakin ruwa, ban taɓa zuwa Yelwa a mota ba in akwai jirgi. Wannan karon na ƙi ruwa, don kyankyasai ba sa shiri da danshi. Direba ya ce a sa kwanon a bayan mota tare da kwandon kifin da na kyafe don tsaraba. Na ce masa shi ma ya shiga bayan motar in yana so, kwano dai a cinyata zai zauna. Daga Yelwa muka canza mota, muka ratsa ƙasar Shanga zuwa Koko. Wata Bafillatana da ke kusa da ni ta daɗe tana kallon yadda na rungume kwanon, can ta ce, "Inna, magani ne?"

Na ce, "Gado ne."

Ta ce, "Allah ya jiƙan mai shi." Kafin ta sauka ta ba ni kwanon fura, ba ta ƙara tambaya ba. Cikin dukan mutanen da na haɗu da su a tafiyar nan, ita ta fi hankali.

Bayan Jega taya ta fashe. Muka zauna ƙarƙashin dogonyaro har la'asar. Wani malami a cikinmu ya ji ƙamshin kifi, ya yi ta yabon mutanen Yawuri har sai da na ɓare masa ɗaya. Ya cinye, ya ce na Argungu ya fi. Na ce to, ya dawo mini da shi. Duk motar aka yi dariya, ban da shi.

Da magariba muka isa Kamba, muka sauka gidan Hajiya Ige, wadda take sarar kifi a wajena tun muna da ƙarfi. Ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kuka. Mutanen kirki ne, amma suna cika kanwa a miya, na ci saboda zumunci. Da ta ji wurin wa zan je sai ta ajiye ludayi, ta ce, "Kulu, ke ce za ki je ki roƙi mutum?"

Na ce, "Ba roƙo zan je ba. Tambaya ce."

Ta ce, "Allah shi kai ku lafiya."

Abin da ya faru a iyaka ba zan ɓoye shi ba, ko da yake da hannuna a ciki. Da hantsi muka isa wurin bincike. Wani mai kaki ya duba kwandon kifi ya wuce, sannan ya nuna kwano. Hadiza ta gaishe shi da ladabi, ta fara bayani cewa tsofaffin kayan rediyo ne. Ya ce a buɗe. Ya ɗauki ƙulli ɗaya yana juyawa, ya ce, "Mama, mene ne wannan?"

Da na yi shiru na bar yarinyar ta ƙarasa, da mun wuce. Sai bakina ya ce, "Ɗana, ko na faɗa maka ba za ka gane ba. An fara aikin nan ba a haife ka ba."

Fuskarsa ta sauya. Ya jawo faranti ya ce a kwance duka. Hadiza ta yi ta ba shi haƙuri. Ya kwance na farko, ya kwance na biyu, yana zare su daga kara yana zubawa wuri ɗaya, tsummoki kuma yana jefawa gefe. Ina tsaye ina kallon zanen sunan Larai ya faɗi kan zanen sallar shekarar da aka yi ambaliya. Da ya gama ya ga babu komai, ya ce mu kwashe mu tafi. Bai ma san abin da ya yi ba.

Na duba farantin. Dukansu baƙaƙe, dukansu a kankare. Abin da na riƙe shekara ashirin ban kuskure ba ya watse kafin a dafa shayi. Hadiza ta tattara su a hankali tana miƙe ƙafafun da suka lanƙwashe da farcenta. Da ta zage ni ma ya fi mini sauƙi. Na tsince tsummokina na cusa a jaka. Har muka shiga Gaya a kan mashin ban ga hanya ba.

Gaya gari ne na bakin kogi kamar namu, ruwan ma ɗaya ne, shi ne ke gangarowa har ya cika tafkinmu. Amma al'adarsu daban. Burodinsu dogo ne kamar sanda, babban mutum da rawani zai ratso kasuwa da shi a hammata ba kunya. Da rana ta take sai su rufe shaguna su kwanta, mai saye ya jira. Shayi kuwa a 'yan kofuna kamar na ba jariri magani, sau uku, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin ladabi. Suna jin Hausa, sai dai in sun ga dama su juya zuwa Zabarmanci kana zaune.

Surukar Isiyaka, Ramatu, ita ta tarbe mu. Ta kawo dambu da zogale da man gyaɗa, wannan kam ba zan kushe shi ba. Ta ce, "Inna, sai kun yi haƙuri, Baba ya kurumce. Sai an rubuta masa, ko a yi ihu a kunnensa na hagu."

Na same shi a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Mutumin da na sani dogo ya lanƙwashe, amma idon na nan. Ya dube ni ya daɗe. Muryarsa da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa, ya ce, "Kulu. Na ji rasuwar. Allah ya gafarta masa." Muka shafa fatiha. Hadiza ta rubuta masa abin da ya kawo mu, ta buɗe kwano. Ya ɗauki kyankyaso ɗaya, ya shafa bayansa da babban yatsa, wurin da ƙusa ta ci. Ya mayar.

Ya ce, "Wanda ya kankare shi ya san abin da ya kankare. Me za ku yi da ɓarawon sani?" Ya juya ya ci gaba da jan carbinsa.

Na tashi na ce wa Hadiza ta ɗaure kaya, gobe da safe za mu koma. Ta ce to. Da gari ya waye na same ta a tsakar gida ta jera kyankyasan a kan zane bisa yawan ƙafafunsu, masu goma sha shida nan, masu ashirin da huɗu nan, tana zana su a littafi, ko ta tsira da wani abu. Hannunta irin na kakanta ne, har yadda take cije leɓe. Na tsaya ina kallonta. Sannan na gyara ɗaurin kallabina na nufi rumfa.

Na durƙusa, na ce, "Isiyaka, ka yafe mini."

Ya dube ni ya kama kunne. Bai ji ba.

Hadiza ta ce, "Kaka, kawo in rubuta masa."

Na ce, "A'a. Ba a rubuce na zage shi ba."

Na matsa gefen hagunsa, na tattara duk muryar da nake kiran masu kwalekwale da ita daga tsakiyar tafki. Na ce, "Isiyaka! Kai ba ɓarawo ba ne! Marigayi ya yi kuskure, ni kuma na fi shi! Ka yafe mini!"

Ramatu ta saki tsintsiya. Matan maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. A gaban kasuwa na faɗi ta farko, ta biyu ma Allah bai bari na faɗe ta a ɓoye ba. Kuma ban taɓa cewa mijina ya yi kuskure ba, ko yana raye, sai ranar.

Isiyaka ya ajiye carbinsa. Can ya ce, "Har yanzu kina da murya." Ya laluba aljihu ya ciro makullin ɗakin ajiyarsa, ya miƙa wa Hadiza.

Ɗakin cike yake da gawarwakin injuna, piyano kan piyano, gem kan gem, ƙura ta rufe su. A cikin da yawa ya yi wa kyankyaso gurbi, ana cirewa ana sa wani ba sai an narka dalma ba. Ya ce tun da kunnensa ya tafi bai buɗe ɗakin ba, don in ya sa kyankyaso ba ya sanin ya yi magana ko bai yi ba.

Ga yadda muka yi aikin, kwana huɗu. Shi zai ƙirga ƙafafu, ya dubi tsagar da ke nuna kai, ya ce wannan ba zai wuce ɗayan injuna kaza ba. Hadiza ta sa, ta danna. Ni in rufe ido in saurara. In na ji murya uku siraru da wani shuu kamar ruwan sama a kan kwano, in ce Kwaɗon Fadama ne. Hadiza ta rubuta sunan ta nuna masa, shi kuma ya faɗi lambar da ka, kamar mai karanta fatiha. Daga nan sai ya zuba: ƙafa ta nawa ke shan wuta, ta nawa ke fitar da murya, wane ne zai iya maye gurbin wane in an ɗaga ƙafa ɗaya. Ya ce Kurciya ba ta magana sai da 'yar ƙaramarta mai ƙafa takwas a gefe, in ƙaramar ta mutu sai a ɗora wa uwar laifi a jefar da ita a banza. Hadiza tana rubutu har yatsunta suka ƙage. Da ta nuna masa hoton cikin piyanon Baba Yohanna a wayarta, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Tsohuwa Mai Tari. Kuna da biyu."

Ran na uku muka zo kan tagwaye. Girma ɗaya, ƙafa ashirin da takwas kowacce, kuma ɗaya ɗaya suka rage. Isiyaka ya ce Hassana wuta goma sha biyu take ci, Usaina tara. In aka ba Usaina abincin yayarta, ta tafi ke nan. Ni da tsumma nake bambanta su, tsumma kuwa yana cikin jakata babu kowa a ciki.

Ya ce, "A ba su tara dukansu. Tara ba ta kashe kowa. Mai ƙoshi za ta yi magana sosai, mai yunwa za ta yi nishi. Ni ba zan ji ba. Kulu, sai ke."

Aka sa ta farko. Murya tas, siririya, kamar budurwa mai rangaɗa guɗa. Aka sa ta biyu. Ta yi magana can ƙasa, a dishe. Hadiza ta ce, "Wannan ce mai yunwar." Na ce a dakata, wata ta kan dishe don tsufa. Na ce ta ɗaga murya ta sauke, ta ɗaga ta sauke. Sai na ji shi: ƙas, ƙas, ɗan ƙaramin sauti kamar an taka busasshen kara. Ranar da suka fara kawo ta gida a Yelwa, ina tankaɗe, na ce musu wannan tana tauna haƙori kafin ta yi magana. Marigayi ya yi dariya har ya ƙware.

Na ce, "Hassana ce. Ku ba ta abincinta."

Hadiza ta ƙara wutar. Muryar ta buɗe, mai kauri, mai ɗumi, ta cika ɗakin. Isiyaka ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifika yana jin motsinta. Na juya na fuskanci bango na ɗan lokaci, ƙurar ɗakin ta yi yawa.

Ashirin da biyu muka mayar wa lambarsu. Hadiza ta rubuta kowacce a bayan kyankyason da farin fenti, a daidai wurin da ƙusa ta ci, ni kuma na mayar da kowa cikin tsummansa. Saura ɗaya. Na san sunanta, Baƙuwa, don bayan tafiyar Isiyaka marigayi ya samo ta a wani inji da aka kawo daga kudu. Na tuna muryarta, kamar ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa a cikin rijiya. Isiyaka ya juya ta, ya ƙirga ƙafafu, ya duba duk injunansa. Babu gurbin da ya yarda ya sa ta. Ya ce, "Wannan ban san ta ba. Shi kaɗai ya sani."

Da za mu tafi ya ce a kwafi littafin gida uku: ɗaya a Gaya, ɗaya a shagon Hadiza, ɗaya kuma a ba duk mai gyaran da ya tambaya. Ya dube ni da ya faɗi na ukun. Na ɗaga kai na ce to. Ramatu ta cusa mana dogon burodi biyu, suka karye tun kafin Kamba. A iyaka wani mai kakin daban muka tarar, ya nuna kwano, na gaishe shi na yi shiru, Hadiza ta yi magana, muka wuce.

Piyanon Baba Yohanna ya tashi ranar Laraba. Ya danna da yatsa ɗaya, Tsohuwa ta yi tarinta sannan ta kama waƙa. Ya ɗaure shi a bayan mashin da igiya uku, ya bar mana buhun dawa. Masu gyara biyu daga cikin kasuwar Yelwa sun riga sun zo sun ɗauki hoton littafin, ɗayansu ɗan wanda marigayi ya fi ɓoye wa ne. Ni na ba shi tabarma ya zauna.

Masu tambayar tsaraba, ga ta nan, littafi ne mai bango shuɗi. Ban iya karanta shi ba, amma Hadiza ta nuna mini shafi na ashirin da uku. Suna ne kawai a sama, da layi ɗaya na yadda na ce muryarta take, ƙasa kuwa fari fat. Ta ce ko ta yage shi, tunda babu komai a ciki. Na ce ta bar shi. Duk wanda ya ɗauki ƙusa, a buɗe masa nan ya gani.